Sarara: littafin aikin wata manhaja mai tambayar me ka zo yi

Asabar, 11 Janairu 2025

Yau na buɗe wannan littafi, don aikin ya fi ƙarfin in riƙe shi a ka. Ƙaramar manhajar Android nake ginawa, na raɗa mata suna Sarara. Mafarinta wani daren watan jiya ne, da na fito tsakar gida wajen ƙarfe biyu da rabi na hangi haske ta ƙasan ƙofar ɗakin ƙanwata. Na ƙwanƙwasa, ta buɗe, idanunta sun kaɗa sun yi jawur. Ta ce, "Wallahi Yaya, minti goma na ce zan yi." Tun sha ɗaya take kai, ga jarrabawar JAMB na jiranta bana. Ban yi mata faɗa ba, domin ciwon da ke jikinta yana jikina.

Kayan rage latsa waya ba sabon abu ba ne. Tun 2018 Google ya fito da Digital Wellbeing, Apple kuma ya kawo Screen Time a shekarar. Ƙanwata ma ta taɓa sa wa kanta iyakar minti 30, ta cire bayan kwana biyu. Abin da ke tsaya min a rai shi ne yadda aka gina shafukan da muke kwana a kai. Da muna yara, tatsuniya tana da "ga ta nan, ga ta nanku", tana kuma da "ƙurunƙus". Da an faɗi ƙurunƙus kowa ya san a tashi a kwanta. Shirin rediyo yana da sallama, littafi yana da bangon baya. Shafin da ake ja da babban yatsa ba ya ƙarewa an yi shi ne ba tare da ƙurunƙus ba. Aza Raskin, wanda ake danganta wa ƙirƙirar wannan salo a 2006, daga baya da bakinsa ya nuna nadama. Tun kafin shi, gwaje-gwajen masanin halayya B. F. Skinner da tattabaru sun nuna cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba ya fi sa a nace da nema. Bidiyo tara ba komai, na goma ya ba ka dariya, sai ka ci gaba da neman irinsa.

Burina ke nan: in samar wa waya ƙurunƙus. Mu biyu ne a aikin, ni da wata abokiyar karatuna da ke zana fuskar manhajar. Da rana kowa yana neman abincinsa, Sarara ta dare ce da ƙarshen mako.

Talata, 21 Janairu

Jiya hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100. Wani aboki ya ce min ai shi ke nan, tsada za ta yi aikin da nake son manhajata ta yi. Ban yarda ba. Duk wanda ya zauna da ɗalibai ya san in data ta yi tsada, komawa suke yi kan garaɓasar dare, wadda ta fi araha. Abin da aljihu ya hana da rana, barci ne zai biya shi da dare. Na rubuta a saman allon aikina cewa lokacin da ya fi muhimmanci ga Sarara shi ne daga sha ɗaya na dare zuwa asuba.

Sigar farko ta tashi. Tana ƙirga mintocin kowace manhaja ta hanyar UsageStatsManager, ƙofar da Android ke da ita tun siga ta 5.0, wadda sai mai waya ya shiga saiti da kansa ya ba da izini. In mutum ya cika awa biyu, jan allo ya rufe masa fuska da rubutun "Ya isa haka".

Lahadi, 9 Fabrairu

Mako biyu ke nan mutum 14 suna gwadawa: 'yan gidanmu, ɗalibai huɗu, wani tela, wani mai gyaran waya a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, da Gwaggo. Ta Xender na tura wa yawancinsu.

Gwaggo ce ta rushe min ginin, kuma ta yi daidai. Atamfa take sayarwa da turaren wuta da humra, shagonta kuwa WhatsApp ne. Tana sarin kaya a Kantin Kwari, ta ɗauki hoto ta ɗora a sitatus, masu saye su yi mata magana daga Kaduna, Abuja, har Maraɗi. Ranar Laraba tana tsakiyar ciniki da wata mai haɗa lefe, jan allon nan ya faɗo. Ta kira ni ko sallamar kirki ba ta tsaya yi ba: "Kai ɗan nan, wa ya ce maka wasa nake? Ka taɓa ganin an zo an ja wa mutum ƙofar shago ana tsaka da ciniki, an ce ya isa haka?" Na ba ta haƙuri, da yamma na je na cire mata da hannuna. Ta sa aka kawo min kunun aya, ta zaunar da ni, ta ce in dai gyara nake so in yi, akwai inda take son taimako. Bayan ta rufe ciniki wajen goma na dare, sai ta shiga guruf ɗin da ake turo littattafan Hausa shafi-shafi, ta ce babi ɗaya za ta karanta, ba ta farga sai an yi kiran assalatu. "Wancan awa biyar ɗin na rana, da su nake biyan kuɗin makarantar yara. Wannan na daren, su ne ke ci na."

Na dawo gida ina juya maganar. Manhaja ɗaya, mutum ɗaya, waya ɗaya, amma awa biyar na halak ne, na daren kuma ita kanta ba ta so. Agogona bai san bambancinsu ba, kuma babu yadda za a yi ya sani. Telan ma haka: a YouTube yake koyon sabon yankan kaftani. Ɗaya daga cikin ɗaliban darasin kimiyyar sinadarai yake kallo. Duk na jera su a layi ɗaya da mai kallon raye-raye, na yi musu hukunci iri ɗaya. Ƙirgen minti ma'auni ne mai sauƙin ginawa, shi ya sa na fara da shi, amma ba shi ne ke auna cutar ba. Cutar ita ce tazarar da ke tsakanin abin da mutum ya shigo yi da abin da ya tsinci kansa yana yi.

Na goge jan allon. Na goge kalmar "Ya isa haka". Wane ne ni da zan ce wa Gwaggo ya isa?

Asabar, 22 Fabrairu

Sabon tsari. Mai waya ne ke zaɓar manhajojin da yake son a tsare shi a kansu, da sa'o'in da yake so. In ya taɓa ɗaya a cikin lokacin, kafin ta buɗe sai wani fili mai launin ƙasa ya bayyana na daƙiƙa takwas, da tambaya ɗaya: "Me ka zo yi?" A ƙasa akwai zaɓi uku: aiki, saƙo, hutawa. In ya ce hutawa, sai ya faɗi minti nawa. Lokacin na cika, sai a tuna masa da abin da shi ya faɗa: "Ka ce minti goma. Sun cika." Daga nan ya rage nasa. Ba kulle, ba hukunci.

Abokiyar aikina ce ta ce mu kira filin nan "niyya", kuma sunan ya zauna daram, don ba Bahaushen da za a tsaya yi wa bayanin cewa aiki yana tafiya da niyya. Ita ce kuma ta lura cewa dole a tambayi mutum tun farko ko "ka" za a ce masa ko "ki". Masu gina manhaja da Turanci ba su da wannan ɗawainiya, mu kuwa in aka ce wa Hajiya "me ka zo yi", an gama ɓata zancen.

Dabarar ɗan jinkirin ba tawa ba ce. Akwai manhajar da ake kira one sec, wadda aka yi nazari a kanta aka buga a mujallar PNAS a 2023. An bi mutum 280 tsawon mako shida. A kashi 36 cikin 100 na lokutan da jinkirin ya tare su, fasa shiga suka yi, kuma a ƙarshen makonnin yawan buɗe manhajojin da suka zaɓa ya ragu da kashi 57. Abin da ya fi jan hankalina a binciken shi ne, ba mutum damar ya fasa ya fi saƙon nasiha tasiri. Hannu ne ke kai mutum kafin hankali ya iso. In an ba hankali daƙiƙa kaɗan, sau da yawa yana isowa.

Ɓangaren fasaha ya sha min kai a makon nan. Filin niyya yana buƙatar izinin bayyana a saman sauran manhajoji. Wayoyi masu ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke aiki da Android Go, daga siga ta 10, ba sa ba da wannan izini, kuma uku daga cikin masu gwajina irinsu suke riƙe. A kasuwarmu waɗannan ba tsiraru ba ne, su ne wayar mai ƙaramin ƙarfi. Na yi musu wata hanya ta sanarwa mai saukowa daga sama. Ba ta kai filin ƙarfi ba, amma ta fi babu. Sannan wasu wayoyin, don tattalin batir, suna kashe duk abin da ke aiki a bayan fage, sai Sarara ta mutu shiru ba wanda ya sani. Mai gyaran wayar nan na Farm Centre ya zauna da ni awa biyu a rumfarsa, muka bi wayoyi iri-iri muna gano inda ake cire manhaja daga wannan tarko. Na mai da abin da ya koya min hotuna mataki-mataki. Na kuma hana Sarara duba komai in allo a kashe yake, don mutumin da ke biyan kuɗin caji a shago ba zai yafe wa manhajar da ke shan batir ba.

Asabar, 8 Maris

Azumi ya kwana takwas, ya kuma birkita duk lissafin sa'o'ina. Ƙarfe uku na dare da na ɗauka lokacin barci ne, yanzu mata suna kicin suna haɗa sahur, waya na gefe tana karatu. Tafsiri ma da yawa a Facebook da YouTube ake binsa kai tsaye. Sai ga wani lokaci da ban taɓa kawo shi a rai ba ya zama babba: daga la'asar zuwa shan ruwa, inda mutane ke kashe yunwa da bidiyo, da kuma bayan asuba, inda ake cewa bari a ɗan duba kafin a koma, sai rana ta fito. Na sa a iya ajiye jadawali biyu a sauya da taɓawa ɗaya.

Mun yi doguwar muhawara da abokiyar aikina. Tana son a riƙa sa aya ko hadisi a filin niyya, musamman a watan nan, kuma na fahimci dalilinta. Na kai maganar wurin malamin da nake ɗaukar karatu a zaurensa. Ya saurara har na gama, ya tambaye ni me mutane ke yi da filin in suna sauri. Na ce ture shi suke yi, wani lokaci da tsaki. Ya ce, "To, kana so ka ajiye maganar Allah a inda ka san za a ture ta da tsaki?" Na gaya mata, ta yi shiru, ta ce Malam ya fi mu gaskiya. Mun bar wuri dai wanda mutum zai rubuta wa kansa abin da yake so ya gani. Ƙanwata ta rubuta "Likita ba ta kwana a nan". Telan ya rubuta yawan ɗinkin sallar da ke jiransa.

Na kuma cire wani abu da na kwana uku ina ginawa: ƙirgen kwanakin da mutum ya jera bai karya niyyarsa ba, da taurarin yabo. Wata ɗaliba ta ce min tana buɗe Sarara sau da yawa a rana don ta ga taurarinta. Nan gabana ya faɗi. Dabarar da ake ɗaure mutane da ita ce na ɗauko na sa wa maganin. Manhajar da aka yi don a ajiye waya bai kamata ta zama sabon dalilin ɗaukarta ba.

Juma'a, 21 Maris

Bayan an sauko daga masallaci wani magidanci da ya ji labarin aikin ya tare ni. Mutumin kirki ne a unguwa, ya girme ni nesa. Ya ce, "Malam, abin nan naka, za a iya sa shi a wayar iyali, ni kuma in riƙa gani daga tawa? Wa take magana da shi, ƙarfe nawa ta kwanta?" Ya ce zai biya, kuma ya san mutum goma da za su biya.

Na ce masa, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba a gina ta don haka ba." Ya ce ai gyara ne. Na ce gyaran da mutum ya nema wa kansa daban, leƙen asiri daban.

Ban ji daɗin ƙin biya wa babba buƙata ba, kuma ba zan ɓoye cewa kuɗin sun ba ni sha'awa ba, don har yau daga aljihuna nake sayen data da man janareta. Amma na san abin da zai biyo baya. Ranar da Sarara ta zama idon wani a kan wani, ranar kowa zai fara yi mata ƙarya. Mace za ta danna "aiki" alhali hutawa ta zo yi, yaro zai nemi wata waya a ɓoye. Tambayar "me ka zo yi" tana da amfani ne kawai in amsar ba ta zuwa kunnen kowa. Ƙananan yara zancensu daban, kuma iyaye suna da Family Link na Google don wannan. Matar aure ba yarinya ba ce.

Daren nan na yanke shawarar da ta rufe ƙofar gaba ɗaya: na cire izinin shiga intanet daga manhajar. Yanzu ko ni na so, ba abin da zai fita daga wayar mutum. Hasarar ita ce ba zan ga alƙaluman masu amfani ba, sai dai in bi su ɗaya-ɗaya in tambaya. Na karɓi wannan.

Asabar, 5 Afrilu

An yi salla ranar Lahadi. Cikin masu gwajin, biyar sun cire manhajar a makon, yawanci don hotunan salla da bidiyon hawa sun cika musu waya suna neman wuri. Biyu sun mayar da kansu. Girmanta bai kai megabayit huɗu ba, zan ƙara matse ta.

Asabar, 19 Afrilu

Matsalar da na fi tsoro ta iso: sabo. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya nuna min yadda yatsansa ya haddace wurin. Yana taɓa manhaja, ya jira daƙiƙa takwas idonsa na wani wuri, ya danna "saƙo" ba tare da ya karanta komai ba. Filin ya zama kamar dogarin ƙofa da aka saba da shi, ana wucewa ana ɗaga masa hannu. Haka ma na ji ana faɗa game da iyakar minti 60 da TikTok ya sa wa 'yan ƙasa da shekara 18 a Maris 2023: matashi yana shigar da lambar sirri ya ci gaba. Duk shingen da bai canzawa, ƙafa tana koyon tsallake shi.

Abu uku muke gwadawa. Zaɓuɓɓukan suna sauya wuri kowane lokaci. Jinkirin yana ƙaruwa in an dawo manhaja ɗaya sau uku cikin awa guda, ya koma daidai in an huta. Na uku shi ne wanda na fi so, kuma daga bakin ƙanwata ya fito. Ta ce matsalarta ba shiga ba ce, fita ce: in an ce mata minti goma sun cika tana tsakiyar bidiyo, haushi take ji ta ture. Ta ce, "Yaya, ka bar ni in ƙarasa wanda nake kallo mana, sannan ka yi magana." Sarara ba ta ganin abin da ke cikin wata manhaja, kuma ba na so ta gani. Abin da na iya shi ne gargaɗi mai laushi saura minti ɗaya, ɗan siririn layi a gefen allo da ke cewa "Wannan ne na ƙarshe?" In ta amsa e, bayan minti ɗaya allon ya dushe a hankali, kalma ɗaya ta fito a tsakiya: Ƙurunƙus.

Abokiyar aikina ta so a sa hoto da ɗan sauti. Na roƙe ta a bar shi haka, baƙin fili da farar kalma. Ta gwada a wayarta kwana biyu, ta turo min saƙo cewa ta yarda.

Akwai abin da ke damuna wanda ba lambar kwamfuta za ta warware ba. Kamfanonin da ke da dubban injiniyoyi suna samun kuɗinsu ne daga talla, talla kuma tana bin tsawon zaman mutum. Mu biyu ne da kwamfuta ɗaya mai tsohon batir. Shi ya sa nake bin labarin dokoki, kamar wadda majalisar Ostareliya ta zartar a Nuwamba 2024 ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafukan sada zumunta. Ban tabbata hani irin wannan zai yi aiki a inda waya ɗaya ke yawo hannun mutum huɗu a gida ba. Na fi son a tilasta wa masu ginin su mayar da ƙarshen shafi, su kashe bidiyo mai kunna kansa, tun daga tushe. Kafin a kai can, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma zan ci gaba da toshe namu.

Lahadi, 4 Mayu

Ƙanwata ta rubuta jarrabawarta a makon jiya, muna jiran sakamako. Ba zan ce Sarara ce ta yi mata karatu ba, ita ta yi abinta. Abin da na gani da idona dai, a makonni biyun ƙarshe hasken ƙasan ƙofar nan yana ɗaukewa kafin sha biyu. Da ta dawo daga cibiyar jarrabawa ta kashe manhajar gaba ɗaya na kwana uku, ta ce hutu take. Ran na huɗu ta kunna da kanta.

Gwaggo ta yarda na mayar mata, da sharaɗin daga goma na dare kawai. Ta kuma kawo sabon aiki: ƙawayenta biyu suna so, amma boko bai zauna musu ba, da saƙon murya suke duk harkarsu. Don haka filin niyya yana buƙatar murya da alamomi, ba rubutu kaɗai ba. Na fara tunanin ajami ma. Abokiyar aikina za ta naɗi muryoyin ranar Laraba a ɗakin wani mai haɗa sauti, ta mace da ta namiji. Mun daɗe muna gwada yadda za a furta "me kika zo yi?" don kada ta fito kamar tuhuma. Yadda ake faɗinta ga baƙon da aka yi murnar zuwansa muke nema.

Sauran abin da ke gabana a watan nan: wayar da mutane da yawa ke amfani da ita, yadda kowa zai sami nasa jadawalin ba tare da kalmar sirri mai wahala ba, rubuta bayanin da Play Store ke nema kan dalilin kowane izini, da neman masu gwaji goma daga wajen Kano, ko da biyu daga Zinder ne, don in ji ko kalmomin da muka zaɓa sun zauna a kunnensu. Gobe da safe zan koma Farm Centre, an ce an kawo wata ƙaramar waya da Sarara ke mutuwa a kanta bayan minti ashirin.